Ramin Yashi a Tsakiyar Hanya

Tambaya iri biyu ake yi wa ɗan ɗaukar jaka a filin golf. Ta farko ita ce, "Wace sanda?" Wannan duk yaron da ya ɗan kwana biyu a fili zai amsa ta, don lissafin nisa ne kawai. Ta biyu ita ce, "Ta ina zan bi?" Ita ce ke raba yara da manya, ita ce kuma ke sa maigida ya riƙe sunanka, ranar Asabar tun bai fito daga mota ba ya ce a kira masa kai. Na yi wannan aiki daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa farkon na 1980, ina ɗan sakandare, a ɗaya daga cikin filayen da Turawan mulki da na kamfanoni suka bari a biranen Arewa. Akwai irinsu a Kano da Kaduna da Zariya, ga kuma na Rayfield a Jos, wanda aka buɗe tun 1913, zamanin haƙar kuza.

Filinmu ba shi da koriyar ciyawa a kewayen rami irin wadda ake gani a talabijin. Burawun gare mu: yashi ake cuɗawa da baƙin man mota, a shimfiɗa a daddaɓe, in an zo gangara ƙwallo sai yaro ya ja buhu ya share mata layi. Da damina ciyawar gefen hanya takan kai ƙugu. Da rani kuwa, in hunturu ya buso, ƙasa ta yi tauri, ƙwallo ta faɗi ta yi ta tsalle tana gudu har ka gaji da bin ta da ido.

A hol na uku akwai wani lambatu da aka haƙa da hannu, miƙe sambal, ya ratsa hanya daga wannan gefe zuwa wancan, ba nisa da wurin bugun farko. Gwanaye ba su ma san yana nan ba, ƙwallonsu ta sama take wuce shi. Masu faɗawa ciki su ne dattawan da ƙarfi ya fara barinsu, da mata, da sababbin koyo. Ba wanda ya taɓa tambayata ta ina zai bi a wannan hol, domin hanya ɗaya ce: ko ka tsallake, ko ka faɗa.

Hol na shida kuwa ba mutum ne ya tsara shi ba, ruwan sama ne. Wani kwazazzabo ne zaizaya ta ci, ya taho a karkace, kusa da mai bugu ta hagu, yana nisanta ta dama. Kowa sai ya tsallake shi, amma kowa yana da zaɓin inda zai tsallaka. Ta hagu ko yaro zai iya, sai dai in ka sauka can za ka tarar da wata tsamiya tsaye tsakaninka da tuta. Ta dama sai mai ƙarfi, shi ma sai iska ta ba shi baya, amma in ya haye, burawun a buɗe yake a gabansa, ba ko kara. Tsakanin nan biyu kuma akwai wurare da yawa, kowa ya ciji iya abin da bakinsa zai ɗauka. A nan ne kullum maigida yakan tsaya, ya dubi sama, ya juyo ya dube ni.

Wanda ya koya mana amsar shi ne shugabanmu, wani dattijo da dukanmu Baba muke ce masa. Tun kafin 'yancin kai yake ɗaukar jaka. Yakan ce mini, "Kai yaro, bar kallon tuta, dubi mutuminka. In ya ci hol biyu a jere, hannunsa a sake yake, iska kuma na bayansa, bar shi ya bi dama. In ka ga ransa a ɓace, kai shi hagu ko da yana zaginka. Hanyar lafiya a bi ta da shekara." Baba bai taɓa riƙe fensir ba, amma ya san bugun kowane mamba na kulob, ya san wanda ke tsoro da wanda ke kwaɗayi, ya kuma san a wane wata ƙasar gaban burawun ke tura ƙwallo hagu.

Wata shekara sai wasu mambobi suka kawo shawarar a sare tsamiyar. Hujjarsu ita ce ba adalci ba ne mutum ya yi bugu mai kyau, ƙwallonsa ta zauna a hanya, ya je ya tarar da itace ya tare shi. Maigidan da nake yi wa ɗauka lokacin wani injiniya ne ɗan Sikotlan, mai aikin ruwan famfo, mutum mai ƙarancin magana. Ranar ce kawai na ji muryarsa daga barandar kulob har ƙarƙashin mangwaron da muke zama. Da muka fita fili na yi ƙarfin hali na ce, "Maigida, duk wannan faɗa a kan itace ɗaya?" Ya ce in aka sare ta an kashe hol ɗin, don kowa zai bi hagu, ba wanda zai ƙara yin tunani. Mako na zagayowa ya zo mini da wani ɗan ƙaramin littafi da ya sha jiki, ya ce in karanta in dawo masa da shi. Tsamiya dai ba a sare ta ba.

Littafin shi ne Golf Architecture na Alister MacKenzie, bugun farkonsa 1920. Asalinsa laccoci ne da marubucin ya yi wa masu kula da filaye, shi ya sa Turancinsa bai fi ƙarfina ba in ina da ƙamus a gefe. MacKenzie likita ne. An haife shi a 1870 a arewacin Ingila, iyayensa 'yan Sikotlan, ya kuma yi aikin likita tare da sojan Birtaniya a yaƙin Boer a Afirka ta Kudu. A can ya ga yadda Boer ke haƙa ramukan yaƙi su ɓad da su cikin shimfiɗar ƙasa har ka zo kansu ba ka gani ba. Wannan ya zauna masa a rai, ya zama gwanin ɓad da kama a Yaƙin Duniya na Farko, kuma da wannan ido ya riƙa duban filin golf: tudun da mutum ya tara da shebur ya kamata ya zama ba a iya bambanta shi da wanda Allah ya ajiye a wurin. Filin farko da ya sa hannu a tsara shi shi ne Alwoodley, kusa da Leeds, a 1907.

Daga wannan littafi na gane cewa lambatunmu na hol na uku yana da dangi. A shekarun 1880 da 1890 golf ya bar bakin tekun Sikotlan ya bazu cikin Ingila, kowane gari yana son filinsa. Sai a ɗauko ƙwararren ɗan wasa, ya zaga gona cikin yini ɗaya yana kafa turaka, ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Wanda ya fi suna a wannan sana'a shi ne Tom Dunn, da ya tsara filaye fiye da ɗari. Salonsa shi ne ganuwar ƙasa miƙaƙƙiya a gicciye, da ramin yashi a gabanta, ɗaya don bugun farko, ɗaya don na biyu, sai dandalin rami mai kusurwa huɗu, a baje. Tunanin a bayyane yake: wanda ya yi mugun bugu a hukunta shi nan take. Marubutan da zan ambata duka wannan tunani suka tashi yaƙa.

MacKenzie ya jera ƙa'idoji 13 na fili nagari. Wasu na sauƙi ne, kamar a raba fili zagaye biyu na hol tara-tara, kada kuma a yi doguwar tafiya daga rami zuwa wurin bugu na gaba. Wasu sun fi zurfi: kowane hol ya kasance da halinsa, a sami wuraren da gwani zai gwada ƙarfinsa ya tsallaka, amma a bar wa mai rauni wata hanyar kewayewa ko da za ta ci masa bugu ɗaya. Amma wadda ta tsayar da ni, har na rufe littafin na yi shiru, ita ce ƙa'idar da ta ce kada a bar wurin da zai sa mutane su riƙa wahalar neman ƙwallon da ta ɓace. Sai wanda ya yi aikinmu zai san nauyin wannan. Da damina mu ke shiga ciyawa ba takalmi, muna bubbuga ƙasa da sanda saboda maciji, in kuma ba a ga ƙwallo ba, laifin yaro ne, kuma a ladansa za a gani. Sai ga likita Bature ya rubuta tun kafin a haifi babana cewa laifin na wanda ya tsara fili ne. Hujjarsa ba tausayinmu ba ce, cewa ya yi doguwar ciyawa na ɓata nishaɗi, tana kuma sa mai bugu ya ƙanƙame jiki. Duk da haka na ji kamar an wanke ni.

A cikin littafin akwai zanen hol na 14 na tsohon filin St Andrews, dogon hol mai fiye da yadi 500. Katanga ta dama, ramukan yashi da ake kira Beardies ta hagu, shimfiɗaɗɗiyar ƙasa a tsakiya, can gaba kuma wani ƙaton rami da suka sa wa suna Hell, wato Jahannama. MacKenzie ya ja layuka daban-daban, ya nuna yadda mutane masu ƙarfi daban za su bi hanyoyi daban, kowa kuma yana da gaskiyarsa. Na kai wa Baba zanen, na nuna masa inda ake bugu da inda tuta take, na faɗa masa mene ne baƙi-baƙin nan. Ya daɗe yana dubawa. Can ya ɗora yatsa a layin da ya yi hagu sosai, ya kewaye babban ramin, ya ce, "Tsoho nan zan kai shi. Kuma in ba a yi hankali ba shi zai ci hol ɗin." Ya miƙo mini littafin ya ce, "Mutumin nan ya san aiki."

Bayan na gama makaranta na koyi aikin safiyo, rayuwata ta koma awon ƙasa da zanen taswira. Sai a hankali, cikin shekaru, na riƙa samun sauran littattafan, wasu sabon bugu, wasu daga baya a intanet. A nan na tarar ashe MacKenzie ba shi ne mafari ba. Kafin shi akwai Willie Park ƙarami, wanda littafinsa na 1896 ya ƙunshi babi kan shimfiɗa fili, akwai kuma Horace Hutchinson da ya tattara rubuce-rubucen masana kan kula da filaye a 1906. Amma wanda ya fara faɗar maganar gar da gar shi ne John Low, a littafinsa Concerning Golf na 1903.

Low ɗan Sikotlan ne da ya yi karatu a Cambridge, gwanin wasa ne har ya zo na biyu a gasar 'yan sha'awa ta Birtaniya a 1901, yana kuma cikin kwamitin dokokin golf na St Andrews. Abin da ya ce, in na taƙaita da bakina, shi ne: ramin yashin da aka haƙa don kama mugun bugu ɓarnar kuɗi ne, domin mugun bugu ya riga ya hukunta kansa, ya bar mai shi nesa, a mummunan wuri. Ramin da ke da amfani shi ne wanda aka ajiye dab da inda gwani ya fi son ƙwallonsa ta sauka. Wanda ya kuskura ya goge gefensa ya samu ladan buɗaɗɗiyar hanya zuwa tuta. Wanda ya ji tsoro ya kauce, ba a taɓa shi ba, amma bugunsa na biyu ya yi wuya. Saboda haka a wurin Low ba wani rami da za a ce ba a ajiye shi bisa adalci ba, tunda mai wasa yana ganinsa, aikinsa ne ya san yadda zai yi da shi.

Wannan tunani daga St Andrews Low ya samo shi. Filin nan ba wanda ya zauna ya zana shi. Yashin bakin teku ne da iska da dabbobi da ƙafar 'yan wasa suka sassaƙa cikin ɗaruruwan shekaru, ya tsaya a hol 18 tun 1764. A ƙarni na 19, da jama'a suka yi yawa, aka share ƙayoyin gefe aka faɗaɗa shi, har ya zama manyan dandali bakwai kowanne hol biyu ke tarayya a kansa. Ramukan da ke nan tun da aka bar su inda suke, sai suka zama a tsakiyar fili mai faɗi, da hanya ta kowane gefe. Ba da niyya aka yi ba, amma abin da ya fito shi ne fili mai tambaya. Wani abu kuma ya ƙara wa maganar gaggawa a daidai lokacin da Low ke rubutu. Sabuwar ƙwallon Haskell, mai zaren roba a ciki, ta iso daga Amurka, Sandy Herd ya ci gasar Open da ita a Hoylake a 1902. Ta fi tsohuwar nisa da gudu, ganuwar Dunn da aka auna da tsohuwar ƙwallo ta zama ba ta tare kowa sai marasa ƙarfi. Low ya yi yaƙi da sabuwar ƙwallon bai yi nasara ba, amma maganarsa kan ramuka ta samu masu saurare.

Bai tsaya a takarda ba. A Woking, wani kulob da lauyoyin Landan suka kafa a 1893, wanda kuma Dunn ne ya fara shimfiɗa shi, Low da abokinsa Stuart Paton suka riƙa gyara hol bayan hol. A farkon shekarun 1900 aka cire ganuwar da ta gicciye hol na huɗu, aka haƙa ramuka biyu a tsakiyar hanya, daidai inda kyakkyawan bugu ke sauka. Kwaikwayo ne na hol na 16 a St Andrews, inda wasu ramuka uku ke tsakiya, a lokacin kuma akwai layin dogo ta dama. A Woking ma layin dogo ne ta dama. In ka ratsa ta ɗan tsukukun da ke tsakanin ramuka da dogo, tuta a buɗe take. In ka yi hagu inda fili ke da yalwa, sai ka ɗaga ƙwallo bisa wani ramin, ta sauka a gangaren da ke gudu da ita. Mambobi suka yi ca, irin maganar da na ji a kan tsamiyarmu. Wani matashin lauya mai suna Tom Simpson ya ji ana ta gardama, ya fita ya je ya tsaya yana nazarin ramukan, daga nan ya ƙudura barin lauyanci ya koma tsara filaye. Shi ne daga baya ya rubuta The Architectural Side of Golf tare da H. N. Wethered a 1929.

Lokacin da aka tura mu kwas Ingila a shekarun 1990, na shiga jirgin ƙasa daga Waterloo mai bi ta Woking, na zauna jikin taga don wannan hol kaɗai. Ya wuce cikin ƙiftawar ido. Ba dutse, ba teku, ba wani abin ɗaukar hoto, ƙasa ce a shimfiɗe da ramuka biyu. Abin da ya burge ni ke nan. A matsayina na mai awon ƙasa na san ƙasar da aka kwashe a wurin ba ta taka kara ta karya ba, amma an yi shekara kusan ɗari ana tsayawa a kansa ana shawara.

Ba kowa ne ya yarda da su Low ba, kuma ɗaya daga cikin masu ja da su mutum ne da nake jin kusanci da shi fiye da dukansu. J. H. Taylor, wanda ya ci gasar Open sau biyar, ɗan ɗaukar jaka ne tun yana yaro a Westward Ho!, ɗan talakawa, ya yi aikin lebura a filin kafin ya zama ƙwararre. Shi yana ganin dole a tilasta wa mutum ɗaga ƙwallo sama bisa shinge, kuma wanda ya doki kan ƙwallo ta gangara a ƙasa bai kamata ya tsira ba. Na fahimce shi sarai. Ranar Litinin da ake barin mu 'yan jaka mu yi wasa, da sanduna biyu uku na aro, in ka yi bugu mai kyau ƙasa ta harba ƙwallonka cikin kwazazzabo, wani kuma ya yi na banza ya tsira, abin yakan tsaya maka a wuya har dare. Wanda wasa ne abincinsa, adalci yake nema. Su kuwa Low da Simpson da MacKenzie, masu digiri ne, har da lauya da likita, suna da sukunin da za su ce sa'a ma wani ɓangare ne na daɗin wasa.

A shekarun 1920 gardamar ta ƙara zafi. Wani Ba'amurke, Joshua Crane, ya fito da tsarin ba filaye maki da alƙaluma, yana auna yadda kowane fili ke hukunta kuskure daidai da girmansa. Da ya gama lissafi, St Andrews ya faɗo can ƙasa. MacKenzie ya mayar masa da martani, haka ma Max Behr, wanda ya taɓa zama editan mujallar Golf Illustrated a Amurka. Rubutun Behr yana da wuyar haɗiya, sai ka maimaita jimla kafin ta buɗe, amma akwai abu ɗaya nasa da ba na mantawa. Ya ce ido yana da layin da yake so, miƙe daga ƙwallo zuwa tuta. Aikin mai tsara fili shi ne ya ajiye haɗari a kan wannan layi ya karya shi, don mai wasa ya nemo wani layin da kansa. A ganinsa golf ya fi kusa da farauta ko su a kan tanis, domin da ƙasa da iska ake karawa, ba da layin farar ƙasa ba.

Ni a wannan gardama ina bayan Low, duk da ƙaunar da nake yi wa Taylor. Dalilina shi ne na ga inda adalcin awo ke kaiwa. Yana kaiwa ga fili da ke hukunta wanda ya riga ya sha wuya, ya kuma ƙyale gwani ya yi ta bugu ba tunani. Mai ƙarfi ba ya jin lambatu a gicciye. Abin da ke kama mai ƙarfi shi ne kwaɗayinsa, kuma sai an buɗe masa ƙofa biyu kwaɗayin ke samun wurin aiki. Na sha ganin dattijo mai gajeren bugu, da Baba a bayansa, ya cinye saurayi mai ƙarfi a hol na shida, ba don saurayin ya yi mugun bugu ba, don ya zaɓi abin da ya fi ƙarfinsa da yadi biyar. Irin wannan fili ne kaɗai ke ba sanin ɗan jaka daraja. Inda hanya ɗaya ce, keken turawa ma ya isa ya ɗauki sanduna.

Amurkawa suka karɓi tunanin su Low suka yi ta rubutu cikin 'yan shekaru. Robert Hunter, wanda kafin nan ya yi suna da littafi kan talauci a Amurka, ya fitar da The Links a 1926. George Thomas ya bi shi a 1927 da Golf Architecture in America, cike da zane-zane, kuma shi ne ya gina hol na goma a Riviera, a Los Angeles, ɗan gajere, yadi 315, wanda har yau manyan ƙwararru ke tsayawa a kansa suna rasa ta ina za su bi. C. B. Macdonald, wanda ya koyi wasa a St Andrews yana ɗalibi, ya rubuta nasa a 1928. Daga nan tattalin arziki ya karye a 1929, gina filaye ya kusa tsayawa cik. Aikin MacKenzie na ƙarshe mai girma shi ne Augusta, tare da ɗan wasa Bobby Jones, fili mai faɗi da ramukan yashin da ba su kai 30 ba, a zamanin da Oakmont, gidan masu ra'ayin hukunci, ya taɓa tara fiye da 300. MacKenzie ya rasu a Janairun 1934, wata biyu kafin a buga gasar farko a Augusta. Littafinsa na biyu ya zauna a ɓoye cikin takardun iyali sai 1995 aka buga shi.

Akwai abu ɗaya da na fi fahimta daga hunturunmu fiye da daga littafi, ko da yake marubutan sun taɓo shi. Duk wannan dabara ba ta aiki sai ƙasa na da tauri. In ƙasa ta jiƙe, ƙwallo na faɗuwa ta tsaya inda ta faɗi, to ta hagu ka zo ko ta dama duk ɗaya ne, ɗaga ta sama kawai za ka yi. In ƙasa ta bushe, dole ka sauke ƙwallo kafin tuta ka bar ta ta gudu, a nan ne abin da ke tsakaninka da tuta yake zama magana. Tunanin marubutan nan daga yashin bakin teku ya samo asali, ƙasar da ba ta riƙe ruwa. Mu kuwa, nesa da kowane teku, Allah Ya ba mu irin wannan gudu kyauta daga Nuwamba zuwa Afrilu, muna kuma ganinsa a matsayin talauci. Yanzu filaye da dama sun maye burawun da ciyawa, na kuma yi murna da haka, baƙin mai ba abin kewa ba ne. Abin da ke damuna shi ne son a mai da ko'ina kore shar da ban ruwa, a ƙasar da ruwan sha ma ake nema, alhali wasan da za a samu bai kai na da daɗi ba.

Kwanakin baya wasu abokai, yawancinsu tsofaffin 'yan jaka irina da suka yi aiki suka yi ritaya, suka samu wata ƙasa a bayan gari, suna son fili mai hol tara wanda yara za su iya shiga. Suka ce tunda ni safiyo ne in zo in auna. Kuɗinsu kaɗan ne, wannan kuwa bai tsorata ni ba, don rabin littafin MacKenzie a kan tsimin kuɗi yake. Na ce musu ramin yashi kaɗan ya ishe mu, kowanne kuma sai mun iya faɗar wanda zai yi wa tarko kafin a haƙa. Akwai wani falalen dutse da ya faɗo a tsakiyar inda hol na biyu zai bi. Ɗan kwangila ya ce a fasa shi da nakiya, rabin abokaina ma haka suka ce. Na roƙe su a dakata har ciyawa ta bushe, mu zo da yara da sanduna, masu ƙarfi da marasa ƙarfi, mu yi ta bugu ta dama da hagun dutsen, mu ga inda ƙwallo ke gudu. Bayan nan ne za mu san inda za a kafa tuta. Sun yarda, an tsayar da Disamba.